Sabon Ƙyaure da Tsohuwar Ƙasa

Tun da gari ya waye Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake share inda ta share. Ta ɗora ruwa a wuta ta manta da shi har tukunya ta fara ƙauri.

Umma tana kallonta daga bakin ɗaki.

"Auta, in dai tsintsiyar nan ba wani laifi ta yi miki ba, ki ajiye ta haka nan."

"Umma, ni fa ba abin da yake damuna."

"Na gani ai. Shi ya sa kika saka takalmi wari da wari."

Ta duba ƙafarta. Gaskiyar Umma ce. Ta so ta yi dariya, sai ta ji hawaye ne ke neman zuwa, ta yi sauri ta wuce can ƙuryar gida inda bahunan ƙasarta suke.

Gidan nan da ƙasa aka san shi. Ba ƙasar gini ba, wata ƙasa ce mai duhu, launin busasshen dabino, da ake haƙo wa Baba daga gaɓar wani rafi a kawo a buhuna. Da ita yake rina katako a shagonsa na kafinta da ke ƙofar gida, har kujerar da aka haɗa jiya ta fito kamar gadonta aka yi daga kakanni.

Wankin ƙasar kuwa aikin Auta ne tun tana 'yar makaranta. Ta jiƙa, ta dama, ta tace, ta bar ta ta kwanta. Yashi da tsakuwa su fara zama a gindin baho, wannan zubarwa ake yi. Ta tsakiya ita ake kai wa shago. Sai ta sama, wadda ke daɗewa tana yawo a ruwa kafin ta kwanta, mai laushi kamar hoda. Ita Auta ke shanyawa a faranti ta ɗura a kwalabe don masu zanen hoto, kuma ita take ji da ita.

A wajen Auta magana a fili take: ta sama ta fi ta tsakiya, ta tsakiya ta fi ta gindi. Ba ta taɓa shafa ko ɗaya a jikin katako ba. Baba bai taɓa ba ta tsumma a shago ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ta ɗauka don ta sama ba ta da yawa ne kawai ba a ɓarnatar da ita a kan kujeru.

Kwalaben nan su suka jawo mata wani saurayi mai zanen hoto, wanda ake kira Mai Zane. Ya zo ya sayi ɗaya, ya dawo wai ta ƙare, ya sake dawowa wai ta zube. Umma ce ta fara tambaya ko yaron nan cin ƙasar yake yi. Ba sai an ja zance ba, sun so juna irin son da ba ya ɓoyuwa. Ya turo manyansa, Baba ya ce a'a.

"Ba ni da ɗa namiji," in ji Baba. "Wanda zai aure ki shi zai riƙe shagon nan bayan raina. Ba zan bar shi a hannun mai shafa launi a ƙyalle ba."

Goggo kuwa, yayar Baba, abin nema ya samu. Ɗanta shi ne babban ma'aikacin shagon, wanda kowa ke kira Guduma, don ko gaisuwa zai yi maka sai ka ji kamar ƙusa yake bugawa. Ya daɗe yana son Auta, Goggo kuma ta daɗe tana cewa ga ɗa a gida, me za a nema a waje.

Baba bai yi wa Auta dole ba, wannan kam a faɗa masa gaskiyarsa. Amma ya ƙi wanda take so, ita kuma ta ƙi wanda ake so mata, gida ya zama ba daɗi. Ta rame, ta daina hira, ta daina waƙa a wajen wanki. Daga ƙarshe Baba ya gaji da ganin ta haka, ya tara Goggo da ma'aikata ya yanke magana.

Akwai wata tsohuwar durowa a shago da ƙyaurenta ɗaya ya karye, an yi mata sabo da farin katako. Mai Zane ya zo ya rina sabon har ya saje da tsohon, da ƙasar da Baba zai ba shi, ba wata ba. In ya iya, an ba shi Auta. In ya kasa, ya haƙura.

"Ke kuma," Baba ya nuna ta da yatsa a ranar, "in kika sa hannu a ciki, ko da ƙwayar ƙasa ɗaya ce, magana ta mutu."

To, yau ce ranar. Bayan azahar za a yi.

Tana tsugune tana dama baho ba tare da ta san abin da take damawa ba, ta ji takun Guduma. Ya zo ɗibar ta tsakiya. Ya ajiye bokitinsa da ƙarfi ya tsaya a kanta.

"Amarya ba a gaisuwa?"

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Yau ai ni lafiya ta yi min yawa." Ya yi dariya shi kaɗai. "Kin ga ƙasar da Kawu ya fito wa mutuminki da ita?"

Hannunta ya tsaya a cikin ruwa.

"Ba ta tsakiya ba ce?"

"Wace tsakiya? Wata ce ya zaro daga cikin kabad ɗinsa da safe, dunƙule-dunƙule, ta bushe ta yi furfura kamar kashin awaki. Shekaruna nawa a shagon nan, ban taɓa ganin an taɓa ta ba. Ya jiƙa ta a gwangwani ya rufe, ga shi can a kan tebur." Ya sunkuyo ya rage murya. "In kin tambaye ni, ragowar gindin baho ce. Kawu ba yaro ba ne, Auta. Ya san yadda ake korar baƙo ba tare da an ɗaga masa murya ba."

"Baba ba zai yi haka ba."

"To, shi ke nan, ba zai yi ba." Ya ɗauki bokitinsa. "Ni dai ina nan inda kika bar ni. Ba na zana furanni, amma ba ki taɓa jin ƙofar da na rina ta dawo ba."

Yana fita ta zauna daɓas a ƙasa. Ba zai yi ba. Ta maimaita wa kanta har ta gaji. Amma in ba zai yi ba, me ya hana shi ba da ta tsakiya kamar kullum? Me ya sa sai wadda ba a taɓa gani ba? Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ta wanke hannu ta yafa mayafi ta leƙa waje.

Mai Zane ya riga ya iso. Yana zaune a inuwar katangar da ke kallon gidan, ya sa tsohuwar riga, ya rungume gwiwoyinsa. Yana ganinta ya miƙe yana murmushi.

"Mai Ƙasa, ya na ga idonki haka?"

Haka yake kiranta tun ranar farko. Jin sunan kawai ya sa kukan da take riƙewa ya ƙwace.

"Ka tafi gida," ta ce. "Ka ce ba ka da lafiya, a ɗaga zuwa wata rana."

"Subhanallahi. Me ya faru?"

"Ƙasar da za a ba ka ba ta kirki ba ce. Ban taɓa ganinta ba, ba ni na wanke ta ba. An shirya ne don ka faɗi a gaban mutane."

"Wa ya gaya miki?"

"Yaya Guduma."

Ya yi 'yar dariya. "Yau kuma shi ne mai ba ki labarin gaskiya?"

"Kada ka yi min dariya, wallahi zuciyata kamar ta fito. Ka shiga ka roƙi Baba ya canja maka. Ka ce ka fi sabawa da ta tsakiya."

"In roƙi sassauci tun ban fara ba? Da wane ido zai kalle ni bayan nan?"

"Da wane ido zan kalli duniya in ka faɗi?" Ta share fuska da gefen mayafi, wasu suka sake zubowa. "Kai namiji ne, ka koma ɗakin zanenka ka rufe ƙofa. Ni ce zan kwana in tashi a gidan nan ina jin Goggo tana yi min habaici. Ni ce zan riƙa ganin durowar nan kullum. Ba zan auri kowa ba in ba kai ba, na faɗa na ƙara, to haka zan tsufa a gaban baho?"

"Saurara, Auta." Ya buɗe tafin hannuwansa ya nuna mata. Duk sun yi kanta, bakin farcen ya rine. "Tun ranar da Baba ya yanke magana ban taɓa burushin zane ba. Wani tsohon kafinta na samu a can ƙarshen gari, nake share masa shago yana koya min. Na ɓata guntayen katako sun fi ƙarfin ƙirga. Yanzu na san yadda ake shafawa, a jira, a goge, a bar jijiyar katakon ta fito. Na iya, wallahi na iya."

Ta kalli hannuwan, tausayinsa ya kama ta, amma maganar ba ta shige ta ba. Tsoro ya riga ya toshe mata kunne.

"Koyon 'yan makonni ne zai tsaya a gaban Baba? Ko Yaya Guduma da ya shekara da shekaru, har gobe faɗa ake yi masa."

Murmushinsa ya ragu kaɗan.

"Ki koma ciki kada a gan ki a nan. Ki yi min addu'a kawai."

Ta koma. Addu'a kam ta yi, amma ba ta tsaya a nan ba.

Da aka kira azahar maza suka fice gaba ɗaya, har da Mai Zane. Umma ta shiga ɗaki, Goggo ba ta iso ba tukuna. Shago ya rage ba kowa, ƙofarsa ta cikin gida a buɗe.

Auta ta tsaya a bakin ƙofar. Dubawa kawai za ta yi, haka ta gaya wa kanta. Ai dubawa ba sa hannu ba ne.

Ga durowar a tsaye, ƙyaure ɗaya mai duhu yana sheƙi, gurbin ɗayan a buɗe. Sabon yana kwance a kan teburin aiki, fari tas, an goge shi da sanfefa, takardar nan mai kaushi. Kusa da shi tsumma ne da burushi da gwangwani a rufe.

Ta buɗe ta tsoma yatsa ta murza. Ta ji gurzar ƙasar a fatarta, ƙanƙas-ƙanƙas. Da ita ce ta fitar da irin wannan daga bahonta, da kunya ta hana ta nunawa.

"Haba Baba," ta ce a hankali. "Har da ni za ka yi wa haka?"

Daga nan ba ta ƙara tsayawa tunani ba. Ta ruga ɗakinta ta ɗauko kwalbar da ta fi ji da ita, ta saman sama, wadda ta ɓoye don zanen da ya ce zai yi mata bayan aure. Ta juye ta Baba a wani kwano ta tura ƙarƙashin tarin katako. Ta ɗauraye gwangwanin, ta zuba tata, ta sa ruwa da ɗan ƙaro kamar yadda take ganin ana yi, ta dama har kaurin ya yi daidai. A ido ba ka bambance su. Ta rufe ta ajiye a inda yake.

Ta wanke hannu har sau ba adadi. Wani sanyi ya ratsa ta na ɗan lokaci, don a ganinta ta ba masoyinta abu mafi kyau da gidan nan ya mallaka. Sanyin bai kai ko'ina ba tsoro ya dawo.

Mutane suka dawo. Goggo ta iso da mayafinta na fita unguwa, aka sa mata kujera a gaba kamar mai shari'a. Ma'aikata suka jeru jikin bango, Guduma ya harɗe hannu a ƙirji. Auta da Umma suka tsaya bayan labulen ƙofar cikin gida.

Baba ya zauna a kan bencinsa ya ce, "Bismillah, yaro. Ga katako, ga ƙasa."

Mai Zane ya naɗe hannun riga. Ya shafa ƙyauren da tafinsa daga sama har ƙasa, ya je ya daɗe yana kallon tsohon, ya dawo. Auta ta ga Baba ya ɗan gyaɗa kai. Ya buɗe gwangwani, ya tsoma burushi, ya ja layin farko.

Sai ya tsaya.

Tsayawar ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma Auta ta gani. Ya kalli bakin burushin, ya murza shi da yatsu biyu. Shekara da shekaru yana zane da ƙasar nan, ya san laushinta ko a cikin duhu. Ya ɗago ido ya dubi labule, sannan ya mayar da kansa ƙasa.

Ya yi wuf ya ɗauki tsumma ya goge layin. Bai gogu ba. Katakon ya riga ya shanye. Ya ƙara ruwa, ya shafa gefe da sauri don ya haɗe su, nan ma ya shanye kafin tsumma ya iso. Inda katakon ke da taushi ya yi baƙi ƙirin, inda yake da tauri ya tsaya fari-fari. Jijiyar da ake so ta fito ta nutse gaba ɗaya. Gumi ya jiƙa masa riga, yana shafawa yana gogewa, abu sai ƙara lalacewa yake.

"Ikon Allah," in ji Goggo da ƙarfi. "Wannan ƙyaure ne ko fatar damisa?"

Wani daga cikin ma'aikata ya tuntsire da dariya, Guduma ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Auta ta damƙe hannun Umma har Umma ta ce wash.

Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali ya zo gaban tebur. Ya daɗe yana kallon ƙyauren. Ya tsoma yatsa a gwangwani ya murza, ya kai hanci ya shinshina. Fuskarsa ta canja.

"Wannan ba ƙasar da na jiƙa ba ce."

Ya juya ya dubi Mai Zane.

"Yaro, ina ka samo wannan?"

Mai Zane ya ajiye tsumma. Bai kalli labule ba ko sau ɗaya.

"Tawa ce, Baba. Ni na zo da ita."

"Kai ka zo da ita?"

"Ni ne. Na ji tsoron taku, na sauya da wadda na saba da ita. Ku gafarce ni."

"Kun ji ko!" Goggo ta tafa hannu. "Ga rashin iyawa, ga ha'inci. Wannan za a ba 'ya? Ai gara da Allah ya tona shi tun yanzu."

"Yaushe ka sauya?" Baba ya tambaya, muryarsa ba ta tashi ba. "Tare muka fita, a gefena ka yi salla, tare muka dawo."

Mai Zane ya sunkuyar da kai.

"Ina tambayarka."

"Ni ne dai, Baba."

Auta ta ji ba za ta iya ƙara ko numfashi ɗaya a bayan labulen nan ba. Umma ta riƙo mayafinta, ta zame ta bar mata shi a hannu. Ta faɗa cikin shago ta zube a gaban mahaifinta.

"Ƙarya yake yi, Baba. Don ya rufa min asiri yake faɗa. Ni ce. Bai sani ba, wallahi bai sani ba sai da ya sa burushi."

Ta rarrafa ta jawo kwanon daga ƙarƙashin katako ta ajiye a gabansa.

"Ga taka nan. Na taɓa na ji duk tsakuwa, na ce so kake ya faɗi. Na ba shi ta sama don ita ta fi kyau. Ka yi min duk hukuncin da za ka yi, amma shi ba shi da laifi."

Goggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu. Abin da bai taɓa yi wa yayarsa ba ke nan, ita ma don mamaki sai ta rufe bakin.

Ya ɗauki kwanon, ya jawo wani guntun farin katako, ya tsoma tsumma ya shafa. Ya tsaya bai taɓa ba, har mutane suka fara kallon juna. Sannan ya goge sau ɗaya. Launin ya kwanta sumul, jijiyar katakon ta fito sarai. Ya kai guntun jikin tsohon ƙyauren durowa. Ba ka cewa ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

"Da ragowar ƙasar nan mahaifina ya rina durowar nan," in ji shi. "Gurzar da kika ji ita ke hana ta nutsewa. Tana zama a saman katako ta jira mutum, ko hannunsa na rawa, ko ya yi jinkiri. Da ita aka koya min ina yaro. Ta sama kuwa ta ƙyalle ce da takarda, katako yana ganinta yake shanyewa."

Ya juyo ya dube ta. Idonsa ya yi ja, kuma ba jan fushi ba ne.

"Na aika an duba min inda yaron nan yake yini. Na san abin da yake yi. Na ce a zuciyata wanda zai ajiye sana'arsa ya je yana share shagon wani saboda 'yata, ya isa a ba shi. Amma na riga na yi magana a gaban mutane, dole a gani da ido. Shi ya sa na fito masa da wadda ba ta ba da kunya. So nake ya ci, Auta."

Kukan da ta fasa har waje ana ji. Ta kama ƙafarsa tana cewa ya yafe mata, ba ta sani ba, tsoro ne, tsoro ne kawai.

"To ai magana ta ƙare," in ji Guduma. "Kawu, da bakinka ka ce in ta sa hannu ta mutu."

"Na faɗa."

"To?"

Baba ya ajiye guntun katakon. Ya kalli 'yarsa a ƙasa, ya kalli Umma da ke share hawaye a bakin ƙofa, ya sauke numfashi.

"Na faɗa, kuma yau zan janye maganata a gaban yarana, abin da ban taɓa yi ba. Hukuncin Auta tsakanina da ita ne. Yaron nan ba a gwada shi ba tukuna. Zan yanka sabon ƙyaure da hannuna, ya dawo ya sake."

Goggo ta miƙe tana salati, ta ce lallai an shanye mata ƙane. Guduma ya yi jifa da abin da ke hannunsa ya fice. Auta ba ta ji ko ɗaya ba. Ta ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska tana dariya tana kuka, ta juya wajen Mai Zane.

"Ka ji? Ka ji abin da Baba ya ce?"

Bai yi murmushi ba. Yana tsaye yana warware hannun rigarsa a hankali, yana saka maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ya zo ya durƙusa a gaban Baba.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma. Ku yafe min ƙaryar da na yi muku. Amma kada ku wahalar da kanku da yankan wani katako."

"Me kake nufi, yaro?"

"Ku da kuka ƙi ni, kun aika an duba, kun yarda zan iya. Wannan ya ishe ni har in mutu."

Sannan ya juyo gare ta. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma ba wanda bai ji ba.

"Na nuna miki hannuwana ɗazu, Auta. Na rantse miki na iya. Kika dube su, kika shiga gida kika yanke cewa sai an yi min sata kafin in same ki."

"Ba haka ba ne, don Allah ka tsaya ka ji..."

"Dariyar mutanen nan ba ta dame ni ba. Da ita na zo a shirye. Taki ce ban shirya mata ba."

"Ban yi maka dariya ba! Sonka ne ya sa!"

"Na sani," ya ce, idonsa ya ciko. "Kina sona. Yarda da ni ce ba ki yi ba."

Ya miƙe, ya gaida Umma da kai, ya bi ta tsakanin ma'aikata suka dare masa hanya. Auta ta tashi ta bi shi ba mayafi ba takalmi, har bakin titi. Ta kira shi da ƙarfi, ta sake kira, masu shaguna suka leƙo suna kallo.

A bakin kwana ya tsaya. Ta ga ya kai hannu ya share fuskarsa, zuciyarta ta ce zai juyo.

Bai juyo ba, ya sha kwana.